Wasiƙa ga Edita: A daina auna kapkek da tsayin kirim ɗinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan wannan jarida. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shafinku na abinci, inda aka jera hotunan kapkek, ƙananan kek ɗin nan da ake gasawa ɗaiɗai a cikin takarda, aka ce wai su ne suka fi kowanne daɗi a birni. Na karanta daga farko har ƙarshe ina neman jimla ɗaya da za ta gaya mini yadda kek ɗin kansa yake a baki, ban samu ba. An yi maganar launi, an yi maganar furen da aka zana a kai, an yi maganar layin mutane a ƙofar shago. Ni na yi shekaru masu yawa a ɗakin gashi na wani gidan kek, tun daga wankin kwanuka har na kai ga riƙe oben, kuma abin ya dame ni ƙwarai, domin na san masu hannu da yawa da irin wannan rubutu yake binnewa.

Maganata ɗaya ce. Kapkek kek ne kafin komai, kuma wanda yake son sanin hannun mai gashi, ya sayi wanda ba a yi wa kwalliya ba. In na shiga shagon da ban taɓa shiga ba, ba na kallon mai cakulan da karamel da ɓarzajjen biskit a kai. Na banila nake nunawa, farin nan da yara ba sa ko waiwaya. Fulawa ce da sukari da bota da ƙwai da madara da ɗan sinadarin tashi, sai ƙamshin banila. Cakulan mai ƙarfi yana iya rufe botar da ta daɗe, ruwan sukarin da aka ɗura a tsakiya yana iya rufe bushewa, amma na banila duk abin da aka yi masa a kicin sai ya fito fili.

In na karɓa, takardar nake fara ɓarewa, a hankali. Kek mai kyau yana sakin takarda ya bar ɓurɓushi kaɗan a jikinta. In rabin kek ɗin ya bi takardar, to bai gama gasuwa ba, ko ruwa ya yi wa kwaɓin yawa. In takardar ta jiƙe sharkaf da mai har ana hango yatsa ta bayanta, man bai haɗu da kwaɓin yadda ya kamata ba. In kuwa takardar ta saki jikin kek ɗin da kanta tun yana cikin gilashi, sau da yawa an rufe shi ne da zafinsa, gumi ya kama shi. Daga nan sai in sa wuƙa in raba shi biyu, daga sama zuwa ƙasa, in duba cikin. Ƙofofin iskar da ke ciki ya kamata su zama ƙanana, girmansu kusan ɗaya, kuma in ka danna da yatsa ya taso ya koma yadda yake. Dogayen ramuka da suka miƙe daga ƙasa zuwa sama suna nuna an yi ta buga kwaɓin bayan an zuba fulawa. Fulawar alkama tana da sinadarin gulutin, wanda yake ƙara ƙarfi in ta haɗu da ruwa aka yi ta juyawa. A burodi ana son haka, shi ke ba shi danƙo. A kek kuwa tauri yake kawowa, shi ya sa mai gashin da ya san aikinsa yake kashe inji da zarar farin fulawa ya ɓace. Akwai kuma wani layi mai nauyi da yake kwanciya a gindin kek, kamar bai dahu ba. Wannan yawanci daga gaggawa ne: an fito da bota da ƙwai daga firiji an haɗa su da sanyinsu, ba a tsaya an buga bota da sukari har sun yi fari sun kumbura ba.

Sai in gutsuri kek ɗin shi kaɗai, ba tare da kirim ba. Nan ne ake jin abin da hoto ba ya nunawa. In bekin soda ya yi yawa, za ka ji ɗanɗanon sabulu a bayan harshe. In an manta da gishiri, zaƙin zai zo salam, ba armashi. In haɗaɗɗen garin kek ɗin nan da ake sayarwa a kwali ne aka zuba wa ruwa da mai, laushinsa yana wuce misali, yana narkewa ya manne a haƙori, da wani ƙamshi mai ƙarfi wanda bota ba ta da shi. Ban ce kek ɗin kwali haramun ne ba. Uwa tana iya yi wa 'ya'yanta a gida su ci su ji daɗi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a saka shi a gilashi, a yi masa rawanin kirim, a sayar da shi da sunan aikin hannu.

Akwai abin da duk wanda ya yi wannan sana'a ya sani, masu saye kuwa ba su sani ba. Ana gasa kapkek a zafin digiri 175 zuwa 180, na minti 18 zuwa 22, bayan an cika takarda kashi biyu cikin uku. In oben ya yi zafi da yawa, saman yakan yi tsini ya tsage. In an buɗe ƙofar oben da wuri, ko sinadarin tashi ya yi yawa, tsakiyar takan lotsa. Duka biyun kirim yana rufe su tsaf. Shi ya sa in na ga kirim ya fi kek ɗin tsayi nake cire shi gefe in ga abin da ke ƙarƙashi.

Kirim ɗin kansa ya cancanci a tsaya a kai, domin nan ne aka fi yi wa mai saye rufa-rufa. Wanda aka fi gani shi ne irin na Amurka: bota da garin sukari mai laushi, a buga da ɗan madara. Yana da sauƙin yi, yana riƙe zane, kuma samansa yakan ɗan bushe bayan ɗan lokaci. Matsalarsa zaƙi, domin sukarin yakan kai ninki biyu na botar a ma'auni. Akwai wanda ake danganta wa Suwizalan, da ake ɗora farin ƙwai da sukari a kan tururin ruwan zafi har su kai wajen digiri 70, sukarin ya narke, a buga har ya huce ya yi kumfa mai sheƙi, sannan a riƙa jefa bota kaɗan-kaɗan. Akwai na Italiya, wanda ake dafa ruwan sukari ya kai wajen digiri 118 a tsiyaya shi cikin farin ƙwai ana bugawa. Waɗannan biyun suna cin lokaci, suna neman kula, amma santsinsu daban ne, kuma zaƙinsu ba ya hana ka jin kek ɗin. Shagon da yake yin ɗaya daga cikinsu ya riga ya nuna maka cewa yana ɗaukar aikin da muhimmanci.

Babbar tambayar ita ce, bota ce ko ba bota ba? Bota tana narkewa a wajen digiri 32 zuwa 35, ƙasa da zafin jikin ɗan Adam da yake 37. Saboda haka kirim ɗin bota yana narkewa a harshe ya wuce. Farin daskararren man girkin nan da ake kira shotenin kuwa sai zafi ya wuce na jiki yake narkewa, shi ya sa yake barin wani maiƙo a saman baki wanda ko ka sha ruwa ba ya fita nan da nan. Duk wanda ya taɓa cin kapkek ya ji kamar an shafa masa kakin zuma a baki, abin da ya ci ke nan. Ido ma yana iya taimakawa: kirim ɗin bota yana da ɗan ruwan ƙwai-ƙwai, wanda ya yi fari fat kuwa a yi masa tambaya. A nan sai in yi wa 'yan'uwana masu gashi adalci. In za a ajiye kek a fili ana zafi na sa'o'i, kirim ɗin bota zalla zai zube, kuma haɗa shi da ɗan shotenin dabara ce da ta halatta. Laifin shi ne a tambaye ka ka ce bota ce zalla alhali ba haka ba ne.

Launi kuma, gwargwadon duhunsa gwargwadon yawan kalar da aka zuba, kuma baƙi da ja mai ƙarfi sukan kawo ɗaci. Jan kek ɗin nan da ake kira red belbet ya fi kowanne shan wannan zalunci. Na gaskiyarsa yana da ɗan garin koko, da madara mai tsami, da binega da bekin soda, kuma kirim ɗin cuku ake sa masa don tsaminsa ya karya zaƙi. Abin da ake sayarwa a shaguna da yawa farin kek ne aka rina.

Banila ma tana da nata labarin, kuma yana bayyana dalilin da ya sa ta gaskiya take da tsada. Daga furen wata shuka mai yaɗo ake samunta, asalinta Meksiko, kuma yau Madagaska ce ta fi kowace ƙasa nomanta. Furen kwana ɗaya yake buɗewa, kuma da hannu ake yi masa barbara, fure bayan fure, ta hanyar da wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, ya gano a tsibirin Reunion a 1841. Bayan an tsinke kwanson sai an yi watanni ana shanya shi ana rufewa kafin ƙamshin ya fito. Mafi yawan abin da duniya take ci da sunan banila sinadarin banilin ne da ake haɗawa a masana'anta. A cikin kek da ya sha zafin oben, bambancin ba shi da yawa, kuma ba na ganin laifin mai amfani da shi a nan. A cikin kirim da ba a dafawa, bambancin a bayyane yake. Ƙananan baƙaƙen ɗigo a cikin kirim alama ce mai kyau, ko da yake ba hujja ba ce ita kaɗai. Mai kiyaye abin da yake ci kuma ya sani cewa ruwan banila na asali da barasa ake tatso shi, har dokar Amurka ta ce kada ta gaza kashi 35 cikin 100 a cikinsa. Akwai garin banila da wasu nau'o'in da ba su da ita. Mutum yana da haƙƙin ya tambaya, kamar yadda mai rashin jituwa da gyaɗa ko ƙwai yake da haƙƙin a gaya masa gaskiya.

Yanzu ga abin da ya fi komai kashe kapkek a manyan birane: lokaci da firiji. Ƙaramin kek yana bushewa da sauri fiye da babba, domin jikinsa da ke fuskantar iska ya yi yawa in aka kwatanta da girmansa. Mutane suna ɗauka firiji yana tsare shi. A gaskiya sanyin firiji yana gaggauta taurin sitacin da ke cikin fulawa, ya kuma daskarar da botar, sai kek ya yi tauri ko da bai rasa ruwansa ba. Firiza ma ta fi masa alheri in an naɗe shi da kyau tun yana sabo. Mai kirim ɗin cuku ko na madara ba shi da makawa sai ya shiga firiji saboda lafiyar mai ci, amma a fito da shi ya yi kamar rabin awa kafin a ci. Sauran kuwa ranar da aka gasa su ita ce ranarsu.

Na ga wannan da idona a walimar kammala makaranta ta 'yar ƙanwata. Mahaifiyarta ta yi odar kwalaye daga wani shago mai suna, wanda kowa yake magana a kai. Da aka buɗe, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, kuma lallai sun yi kyau. Kwalin yana da sanyi a hannu, gumi ya jiƙa murfinsa. Da taro ya watse muka zo kwashe faranti, sai ga kek tsirara a kowane faranti, an lashe kirim ɗin tas, an gutsuri gefe ɗaya an bari. Yara ba sa ɓoye abin da suka ji a baki. Na raba ɗaya da hannu, ya farfashe ya zube. Wannan ba gashin jiya ba ne ma, ya kwana biyu a sanyi kafin a yi masa ado. Ƙanwata ta kashe kuɗinta da zuciya ɗaya don ta faranta wa 'yarta, kuma ranar ba za ta dawo ba. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Layin mutane a ƙofar shago, Malam Edita, shi ma yana da tarihinsa. Gasa kek a ƙananan kofuna tsohon abu ne, yana cikin littafin girkin Amelia Simmons da aka buga a Amurka a 1796. Amma shagunan da suka mai da shi abin yayi na kwanan nan ne. Magnolia Bakery ya buɗe a titin Bleecker na birnin Niyok da ke Amurka a 1996, kuma bayan an nuna kapkek ɗinsa a wani shirin talabijin a shekarar 2000, masu yawon buɗe ido suka riƙa yin layi a ƙofarsa. Sprinkles ya buɗe a Beverly Hills ta jihar Kalifoniya a 2005, a 2012 har ya kafa na'ura mai fitar da kapkek dare da rana kamar yadda ake cirar kuɗi. Crumbs, wanda ya fara a Niyok a 2003 ya yi suna da manyan kapkek masu kayan ado, ya bazu har ya shiga kasuwar hannun jari a 2011, amma a watan Yulin 2014 ya rufe shagunansa gaba ɗaya. Ban kawo waɗannan don in kushe kowa ba. Na kawo su don a ga cewa talabijin da talla da yayi suna iya tara jama'a, kuma suna iya watsa su, ba tare da tambayar daɗi ta shigo ba ko kaɗan. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

To ta yaya mutum zai nema a birnin da shaguna suka fi ƙarfin ƙirgawa? Ni da hanci nake farawa. Shagon da ake gashi a cikinsa yana ƙamshin bota da sukari tun daga bakin ƙofa. Wanda yake ƙamshin turaren ɗaki kawai, ga gilashi cike, to daga wani babban kicin ake kawo masa kaya a mota. Hakan ba lallai ya zama aibi ba, amma yana ƙara sa'o'i tsakanin oben da bakinka. Ina zuwa da hantsi, lokacin da gashin safe ya huce aka yi masa kirim. In na samu dama nakan leƙa kusa da lokacin tashi ma. Gilashin da ya kusa ƙarewa da yamma yana nuna ana gasa daidai abin da za a sayar. Wanda yake cike maƙil ana shirin rufe ƙofa, ka tambayi kanka ina waɗannan za su kwana, kuma wa za a sayar wa gobe. Shago mai nau'i shida ko bakwai ya fi kwanta mini a rai a kan mai nau'i talatin, domin ƙaramin kicin ba zai iya gasa talatin sabbi kowace safiya ba.

Sannan ina tambaya, cikin ladabi: yaushe aka gasa wannan, kuma da me aka yi kirim ɗin? Mai gashi na gaskiya yana jin daɗin wannan tambaya, wani har ya fito daga ciki da fulawa a hannu ya yi maka bayani. Wanda ya fara kame-kame ya riga ya ba ka amsa. In kuma shawara nake nema, ba wanda ya je sau ɗaya ya ɗauki hoto nake tambaya ba. Ina tambayar masu shirya taro da ma'aikatan ofis da suke oda kowane wata, domin su ne suka san shagon da hannunsa ba ya canzawa. Yin kek mai kyau rana ɗaya ba wuya. Yin sa iri ɗaya ranar Litinin da ranar Asabar, ko maigidan yana nan ko ba ya nan, shi ne aikin. Kada kuma mutum ya raina unguwarsa. Kapkek ba ya son tafiya mai nisa, cunkoson motoci da zafin cikin mota suna lalata mafi kyawunsa kafin ya isa gida. Tsada kuwa ba ta tabbatar da komai, sau da yawa kuɗin hayar shago da na kwali mai ribon kake biya, ko da yake mai aiki da bota da ƙwai na gaske ba zai iya sayarwa da arha sosai ba.

Roƙona gare ku shi ne, in za ku sake yin irin wannan shafi, ku tura wakili ba tare da sanar da shagon ba, ya biya da kuɗin jarida kamar kowane mai saye. Ya sayi na banila da na cakulan a kowane wuri, ya rubuta ƙarfe nawa ya saya, ya raba su biyu, ku buga mana hoton cikin tare da na waje. Ya koma wata rana daban kafin ya yanke hukunci. Ku kuma shiga lunguna ku nemo ƙananan shagunan da ba su da kuɗin talla, inda ake kunna oben tun kafin gari ya waye. In wakilin naku yana son wanda zai raka shi, a shirye nake, ba tare da an biya ni komai ba. Ya zo da ƙaramar wuƙa da ruwan sha don kurkure baki tsakanin shago da shago.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ƙara basira.

Taka mai karatu,
Wata tsohuwar mai gashin kek